Ƙwallo Biyu a Ƙafar Ƙarfen Armand

Odile Pelkey ta haura shekara ashirin tana yanka ƙwallon tanis, amma har yau ba ta daina yanke hannunta ba. Ƙwallo ba ta son wuƙa. Sai ka matse ta a ƙarfen matsi na bakin tebur, ka soka mata tsinin aska har iskar ta fice, sannan ka tsaga ta a gicciye yadda ƙafar kujera za ta shige ta zauna daram. In ka yi gaggawa aska ta zame, yatsanka ne zai ji a jikinsa. Da safiyar nan ma haka aka yi. Ta tsotse jinin, ta naɗe wurin da salatif, ta ɗauko wata.

Rumbun nasu yana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta garin Belval, can arewacin jihar Vermont a Amurka. Kullum kwalaye na shigowa daga filayen wasa na nesa da na kusa, don su 'yan tanis mutane ne masu almubazzaranci da ladabi: su buga ƙwallo sau biyu ko uku, su ce ta gaji, su jefa ta a kwali suna jin sun yi wa duniya alheri. Nan aikin Odile yake farawa. Mai sauran tsalle ta tafi wurin yaran makaranta da masu karnuka. Wadda ta mutu murus ta shiga injin niƙa, a raba robar da ulun, masu dawakai su zo su kwashe su shimfiɗa a filin horo saboda kofato. 'Yan kaɗan ne ake ware wa aska, na ƙafafun kujerun aji, da na ƙarfen dogarawa irin wanda tsofaffi ke turawa a gabansu, mai taya biyu a gaba da ƙafa biyu a baya.

Mahaifinta Armand ne ya kafa wurin. Shi ne kocin tanis na garin tun kafin a haife ta, kuma da buhu ɗaya ya fara a bayan motarsa, saboda kawai idonsa ba ya iya ganin ƙwallo a bola. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana yi wa yara tsawa su kwashe ƙwallo daga ƙarƙashin ƙafarsu kafin su buga. To shi ne a tsakiyar hunturun bana ya taka ɗaya a cikin rumbunsa, yana da shekara tamanin da ɗoriya, ya zube ya karya ƙugu.

Yanzu yana gidan jinya na kan tudu, kuma maganar ta tsaya a kan abu ɗaya. Ran Juma'a Renata, mai gashin ƙashi, za ta tsaya ta gan shi ya tashi da ƙarfen dogarawa, ya je ƙarshen baranda ya dawo ƙofar ɗakinsa ba tare da an riƙe shi ba. In ya iya, Odile ta tafi da shi gida. In bai iya ba, a mayar da shi bene na sama, wurin masu zaman dindindin, kuma duk garin an san wanda ya hau benen nan ba ya komawa gidansa. Ƙafar ta warke yadda ya kamata. Matsalar ita ce ƙafafun ƙarfen na baya masu roba ne, suna cije daɓe, sai mutum ya riƙa ɗaga ƙarfen a kowane taku, kafin ya kai rabi numfashinsa ya ƙare. Maganin abin ƙwallo biyu ne kacal. Armand ya ce ko kusa.

Dwight Lamoureux, direban da ke kwaso musu kwalaye, ya shigo da taɓo har gwiwa, don lokacin narkewar ƙanƙara ne, titunan gari duk sun koma kunu. Ya ajiye mata kofi da fanke a takarda.

"Shugaba, kin sake ba wa askar nan abinci?"

"Ka cire takalman nan kafin ka ɓata mini daɓe."

"Daɓen da ya fi waje datti? Yaya Koci, ya sauko?"

"Ya sauko ina. Jiya cewa ya yi gara ya yi rarrafe."

Dwight ya yi dariya, ya zauna kan kwali. Tsohon ɗalibin Armand ne, kuma a faɗar Armand bai taɓa koyar da malalaci irinsa ba. Ya ɗan kalle ta tana fama da aska, sannan ya rage murya.

"Ke fa? Kina son ya dawo?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ubana ne."

"Na san ubanki ne. Ba abin da na tambaya ba kenan."

"Kwalayen nan ba za su shigo da kansu ba, Dwight."

Ya tashi ya fita. Ita kuwa ta daɗe riƙe da askar ba ta yanka komai ba. Gaskiyar magana ta gaji. Tun rasuwar mahaifiyarta take ɗauke da tsohon nan: girkinsa, wankinsa, maganinsa, faɗansa. Ta fita da sassafe ta yi dambe da inji, ta dawo da yamma ta tarar ya bar tukunya a wuta ko ya ɓatar da tabarau yana zargin ta. Ƙanenta yana can nesa a jihar Arizona, aikinsa ya bugo waya ranar Lahadi ya ba da shawara. A makonnin nan da Armand yake kwance, karo na farko a shekaru ta yi barci har gari ya waye ba ta kasa kunne tana jiran ƙarar faɗuwa ba. Barcin ya yi mata daɗi, kuma daɗin ya ba ta kunya ƙwarai.

Da rana ta zaɓi biyu cikin waɗanda ta yanka, ta sa a aljihun rigar sanyi, ta hau tudu.

Gidan jinyar nan, duk inda ka duba ƙasa ruwan ɗorawa ne, launin ƙwallon tanis. Kowane tsoho da kowace tsohuwa na tura ƙarfe da ƙwallo biyu a ƙafarsa, suna sulalewa a baranda ba ƙara, kuma kowace ƙwallo a cikinsu ta ratsa ta hannun Odile. Armand kaɗai ne ƙarfensa ke jingine a kusurwa tsirara. Yana zaune bakin taga da hular wasansa, ya harɗe hannu, ya ɗaure fuska tun kafin ta yi magana.

"Baba, ina wuni. Ka ci abincin?"

"Wannan abinci ne? Wake ne da aka dafa shi har ya manta sunansa."

Ta fito da ƙwallayen ta ajiye a cinyarsa. Hannunsa ya ɗauki ɗaya da kansa, kafin ma ya yanke shawara, ya matsa ta da babban yatsa yadda ya saba yi dubban lokuta.

"Wannan tun kafin ki yanka ta ta mutu. Dubi ulun, ya suɗe tas."

"Ai shi ya sa na yanka ta. Kai ka kafa dokar."

"Na kafa ta don wasu."

"Su waye wasu? Ga Madam Fortin can a baranda, da kanka ka sa mata nata."

"Madam Fortin ba ta taɓa riƙe raket ɗin buga tanis ba a rayuwarta." Ya mayar mata da ƙwallon. "Odile, ki saurare ni. Abin nan na yi shekara sittin ina aika shi inda na ga dama. In ce mata je ki kusurwar can, ta je. Yanzu ki ce in sa ta a ƙasa in riƙa jan ta a daɓe, tsofaffin ɗalibaina su zo gaishe ni su gan ni? Ba zan yi ba."

"To za su kai ka sama."

"Su kai."

Ya faɗa da ƙarfi, amma idonsa ya ɗaga ya kalli silin, ya yi saurin saukewa. Ta gani. Tsoro yake ji, kuma ya fi son ya mutu da ya amsa.

A baranda Renata ta tare ta. Mace ce gajera mai saurin magana, ba ta iya kwana-kwana ba.

"Jiya ya gwada babu ƙwallo, ya tsaya a ɗakin wanka yana haki. Ni ba zan iya sallamar mutum alhali na san zai faɗi a gida ba. Ki san yadda za ki yi da shi, ke kika san kayanki."

Odile ta ce to. Ai kullum ita ce mai cewa to.

Washegari ta yi abin da ba a taɓa yi ba a gidan Pelkey. Ta shiga kantin kayan wasa ta sayi sabon gwangwanin ƙwallo. Mai kantin ma sai da ya cire tabarau ya dube ta, don ya san matar nan tana da rumbu cike da ƙwallo har rufi. Ba wata dabara mai zurfi ta shirya ba. Tunaninta kawai, tunda matacciya ce yake ƙyama, bari a kawo masa mai rai a huta.

Ta zauna a gefen gadonsa, ta ja murfin. Iskar ta fita da 'yar ƙarar nan, ƙamshin sabuwar roba ya cika ɗakin. Armand ya juyo da sauri. Fuskarsa ta saki, har ya ɗan buɗe baki, don a duniya ba abin da yake so irin ƙamshin nan. Sai ya ga ta zaro aska daga jaka.

"Me za ki yi?"

"Ka ce ba ka son matacciya. Ga sabuwa."

"Sabuwa za ki yanka? Wadda ko ƙasa ba ta taɓa ba?"

"Ƙwarai kuwa."

"Kanki ɗaya kuwa? Ko sau ɗaya ba a buga ta ba, yarinyar nan."

Ta matse ƙwallon tsakanin gwiwoyinta ta ɗora tsinin askar. Sabuwar ƙwallo tauri gare ta, ga babu ƙarfen matsi, askar ta fara rawa. Armand ya miƙo hannu ya cafke wuyan hannunta. Har yanzu akwai ƙarfi a damƙarsa. Odile ta ja numfashi ta runtse ido don zafi, askar ta faɗi kan bargo.

Bai sake ta ba, sassautawa kawai ya yi. Ya juya hannun yana dubawa. Wuyan ya kumbura, yatsu uku naɗe da salatif, tafin duk tabon yanka, tsoho da sabo.

"Tun yaushe hannun nan yake haka?"

"Ba komai ba ne."

"Na ce tun yaushe."

Ita kanta ba ta san maganar na nan kusa da bakinta ba sai da ta ji ta fito.

"Tun bara. Tun bara, Baba, kuma kullum da shi nake zuba maka abinci. Na gaji. Wallahi na gaji. Na gaji da inji, na gaji da kwalaye, na gaji da lallashi. Mutum ya kai shekara hamsin da shida yana roƙon ubansa ya sa ƙwallo a ƙafar ƙarfe. Ka sa, ka ƙi sawa, ni dai na gaji."

Ba ta ɗaga murya ba, don akwai mai barci a gadon gefe. Ta janye hannunta ta share hanci da bayan riga. Armand ya juya yana kallon taga. A waje ruwa na ɗiga daga rufi, wata mota na ta kuka a taɓo ta kasa fita. Can ya ɗauki sabuwar ƙwallon, ya duba inda askar ta ɗan karce, ya mayar da ita gwangwani ya rufe.

"Ki kai wa yaran makaranta. Gobe ki kawo mini bokiti daga na injin, ni zan zaɓa. Ke ba ki iya zaɓe ba, masu sanƙo kike ɗaukowa, su ba sa zamewa da kyau. Kuma Dwight ya yanka. Ya yi wani abu mai amfani sau ɗaya a rayuwarsa."

Haka aka yi. Dwight ya shigo da bokiti a hannu ɗaya, ƙarfen matsi a ɗayan, ya ɗaure shi a teburin cin abincin majinyata. Armand ya zauna ya bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya, ya matsa, ya shafa, ya sake ta ƙasa ya saurari ƙarar. Wadda ta yi tsalle ko kaɗan ya ce a mayar da ita, da sauranta, ya harari Odile don ta bar ta ta shiga na niƙa. Sai da ya kusa kai ƙasan bokitin ya samu biyu da suka yi masa, matattu sarai amma da ulunsu lif.

"Koci, amarya kake zaɓa ne?" in ji Dwight.

"Yanka, ka rufe mini baki. Kuma ka miƙe tsagar, kar ka yi ta a karkace yadda kake buga ƙwallo."

Da aka sa, Armand ya dafa ƙarfen ya miƙe. Ya tsaya yana kallon ƙasa. Odile ta ga muƙamuƙinsa na motsi, ta kau da kai don kar ya san ta gani. Sannan ya tura. Ƙarfen ya sulale ba ko ƙara, har tsohon ya ɗan yi mamaki ya bi shi da sauri.

Wanda ya san Armand ya san ba ya yin abu rabi. Tunda ya yarda, sai ya mayar da barandar filin horo. Safe ya fita, rana ya fita, yamma ya fita. Ya koya wa kansa yadda zai juya a ƙarshe ba tare da ya karkata ba, har ya fara gyara wa Madam Fortin tsayuwa, wai ta daina kallon ƙafarta. Ran Alhamis Odile ta zo ta same shi ya je ƙarshe ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, ko haki babu. Ya tsaya a gabanta yana jiran yabo.

"Sannu, Baba. Gobe sai gida."

Ta yi murmushi, ta san kuma murmushin bai kai ido ba. Gabanta ne ya faɗi, irin faɗuwar da yake yi in ta ga babbar mota ta tsaya a ƙofar rumbu ana gab da tashi. Ta tsani kanta a kan haka. Armand ya dube ta ɗan lokaci daga ƙarƙashin hular, sannan ya wuce ya zauna.

Da yammar ranar, can gida, ita da Dwight suka sauko da gadonsa daga bene zuwa falo, suka naɗe dardumai, suka ɗaura ƙarfen riƙewa a banɗaki. A tsakiyar matakala hannunta ya saki, katifar ta zame ta danne Dwight a bango. Ya fito daga ƙarƙashinta yana dariya, ya ga ita ba dariya take ba, ta zauna a kan matakala ta rungume hannun a ƙirji.

"Ki ɗauki mai taya ki, ko da safe ne."

"Ka san shi. Wa zai bari ya taɓa shi? Wadda muka kawo bara kwana nawa ta yi?"

"To ƙanenki ya zo ya karɓe ki."

"Zai bugo waya ran Lahadi."

Dwight ya ɗaga katifar shi kaɗai ya ƙarasa da ita.

Ran Juma'a da hantsi ta zo da jakar kayansa da rigar sanyinsa mai kauri. Ta bar motar kusa da ƙofa don kar ya taka taɓo. Ta same shi ya yi aski, ya sa farar rigarsa ta wasa, har da takalma masu igiya da ya ɗaure da kansa. Renata ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin, wani ma'aikaci na bin bayansa da keken guragu saboda tsaro, haka ƙa'idar take. Tsofaffi biyu-uku sun leƙo daga ɗakunansu, don a gidan nan wannan shi ne babban kallo.

"To Malam Armand, a hankali, ba tsere muke ba," in ji Renata.

Ya tashi ba tare da ya dafa gado ba. Ya fita baranda, baya a miƙe, kai a sama. Ya wuce ɗakin wanka inda ya saba tsayawa, ya wuce teburin ma'aikata, ya kai tagar ƙarshe. Juyin da ya yi ma sai da Renata ta gyaɗa kai. Ya kamo hanyar dawowa da taku iri ɗaya, ba sauri ba sanyi. Odile na tsaye da rigarsa a hannu, a ranta tana lissafin abin da za ta dafa da daddare, da yadda za ta shigar da shi wanka, da wa zai kula da injin gobe. Ba ta san duk yana rubuce a fuskarta ba.

Saura kaɗan ya iso ƙofa, kusan ya miƙa hannu ya taɓa ta, ya ɗago ya dubi 'yarsa. Ya dube ta sosai, daga fuska har hannun da ke ƙarƙashin rigar. Sai ya tsaya.

"Kawo keken nan, yaro."

"Malam Armand, ai ka iso," in ji Renata. "Ga ƙofa nan."

"Ƙafar ta ƙi. Kawo keken kafin in zube."

Ma'aikacin ya turo, Armand ya zauna a hankali, ya saki ƙarfen. Ya fara haki, amma hakin bai yi kama da nasa ba. Odile ta san hakin mahaifinta in ya gaji da gaske: wuyansa kan yi ja, hannunsa ya riƙa rawa. Yanzu hannun na kan gwiwa ko motsi ba ya yi.

Renata ma ba yarinya ba ce. Ta tsuguna a gabansa ta taɓa ƙugun, ta dubi idonsa.

"Jiya sau biyu ka yi a gabana."

"Jiya daban. Ƙafa ce, wata rana ta yarda wata rana ta ƙi. In ta ƙi a gida fa, ba kowa? Ke kika ce ba kya sallamar mai faɗuwa."

"Zan iya roƙa a ɗaga zuwa Litinin, mu sake gwadawa."

"Kar ki wahalar da kanki. An ce saman akwai taga mai kallon filin makaranta. Ki nema mini gado kusa da ita."

Renata ta miƙe, ta dubi Odile, ta ce za ta ba su wuri su yi magana. Ta ja ma'aikacin suka tafi. Masu leƙe suka koma ɗakunansu.

Odile ta tura keken cikin ɗaki ta rufe ƙofa. Ta ajiye rigar a kan gado, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, na ga abin da ka yi."

"Me na yi? Tsoho ya gaji, shi ne abin kallo?"

"Ba ka gaji ba. Ka tashi. Ka tashi in kira ta ta dawo, ka ƙarasa, mu tafi gida. Na sauko da gadonka falo, na gyara banɗaki, komai na nan."

"Na ce ƙafar ta ƙi."

"Ƙarya kake."

"Haka ake gaya wa uba?"

Ya faɗa da faɗa-faɗa, amma muryar ta karye a ƙarshe. Ya gyara hularsa, ya ja ta ƙasa kaɗan. Daga nan ya zuba mata ido kawai.

Ta san abin da ya rage. Mahaifinta mutum ne da ba ya karɓar abu a tayin farko, ko kofi ne sai an sake yi masa tayi. In ta sake cewa ya tashi, da gaske, ta ɗauko ƙarfen nan ta dasa a gabansa, zai yi ƙunƙuni ya zage ta, sannan ya tashi. Renata tana nan a baranda, ba ta yi nisa ba. Odile ta buɗe baki. Tana son tsohon nan, ba ta da wanda ya fi shi a duniya, kuma ta san tsoron benen nan yake ji har cikin ƙashinsa. Amma maganar ta ƙi fitowa. Abin da ta ji a madadinta sauƙi ne, wani sauƙi mai nauyi da ya sauko mata tun daga kafaɗa, ya sa hawaye suka zubo mata.

Armand ya jira ta. Ya jira har ta san jiran ta yake, shi ma ya san ta sani. Sannan ya gyaɗa kai a hankali, ya ɗora tafinsa a kanta ya ɗan shafa, abin da rabonsa da yi tun tana ƙarama.

"To ya isa," in ji shi. "Tura ni ɗakin cin abinci, kar su cinye waken nan su bar ni."

Ta tashi ta zagaya bayan keken, ta kama, ta tura.